Jiragen Masta da Cokalina

Yanzu kofi ake sayarwa a wurin, kofi mai ƙanƙara a kofin roba, samari masu yagaggen wando suna ɗaukarsa hoto kafin su sha. Sun fente ƙofar da ruwan hoda. Duk sanda na bi ta wannan layi na tsohon garin Ipoh sai na tsaya na harari ƙofar, har yarinyar da ke aiki a ciki ta fara gaishe ni, ta ɗauka shawarar shiga nake yi. Ba shiga zan yi ba. Shekara ashirin da huɗu na yi a barandar nan ina soya ayaba ina haɗa shayi, kuma a lokacin abin da ke bayan ƙofar shagon jiragen Masta ne.

Sunansa Kanagaratnam, amma ban taɓa jin wanda ya kai ƙarshen sunan ba sai mai kawo wasiƙa. Masta kowa ke ce masa, don shekara talatin da uku ya yi a aikin jirgin ƙasa, goma sha tara daga ciki yana shugaban tasha a ƙananan tashoshin cikin gonakin roba, inda awaki suka fi fasinja yawa. Da ya yi ritaya, abokansa masu hankali suka sayi fili da kuɗin sallama, shi kuwa ya kama shago ya cika shi da jiragen wasa. Matarsa ta yi wata biyu tana dafa masa abin da ta san ba ya so.

Tebur ɗaya ne ya cinye tsakiyar shagon, ya fi gadon aure uku faɗi. A kansa akwai layin dogo, da gada, da dutse mai rami da jirgi ke shigewa ya fito ta baya, da tasha mai fitilu, da ƴan mutane kamar ƙwayar shinkafa suna jiran jirgi da lema a hannu. Jikin bango kuwa akwatunan gilashi ne har sama, kan jirgi sittin da uku a jere. Akwai baƙi ɗan Ingila wanda in an ɗiga masa mai a bututu sai ya yi hayaƙi na gaske. Akwai ƙanana ƴan Japan da za ka rufe a tafin hannu. Babbansu shi ne koren gwangwani ɗan Jamus, wanda ake yi wa wani da makulli kamar agogon bango. Na wani Bature ne manajan haƙar kuza, kukunsa ya binne shi a gwangwanin biskit lokacin yaƙi, kuma Masta ya yi shekara shida yana kai wa jikan kukun ziyara kafin a sallama masa shi.

Na ce shago, amma Allah ya sani Masta ba ya son ciniki. Tarago da layi da ƴan bishiyoyi yakan sayar. In kuwa mutum ya nuna kan jirgi, sai Masta ya gyara tsayuwa.

“Kana da kyanwa a gida?”

“A'a.”

“Matarka ta san ka zo nan?”

Daga nan yawancinsu suke fita. Sai su zo wurina su sayi shayi suna huci, saboda haka ni ban taɓa ganin laifin wannan hali nasa ba.

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma jirgi ke tashi, kullum, ko da mutum ko babu. Masta zai sa farar rigarsa da hular aiki, ya fito baranda da koriyar tuta, ya duba dama ya duba hagu, ya busa usur, sannan ya koma ya saki jirgin ranar. Manyan mutane da furfura, har da wani alƙali mai ritaya, sukan tsaya bakin tebur baki buɗe. Loke mai gyaran agogo, maƙwabcinmu na dama, ya ce da usur ɗin yake saita agogunan mutane. Loke ƙato ne, in ya shiga shagon sai ya riƙe tumbinsa da hannu biyu kada ya ture gada.

Bayan rasuwar matarsa Masta ya zauna shi kaɗai a benen shagon. Ƴarsa ɗaya, Komala, shugabar makarantar ƴan mata ce a Johor Bahru, mace mai tabarau da ke kallon mutum har sai ya tuna laifin da ya yi bara. Ta daɗe tana son ta ɗauke shi. Ta faɗa wa uban a gabana, “Appa, ranar da na ga ba ka iya kula da kanka, ranar zan ɗaure kayanka.” Shi kuwa barin shagon nan da shiga kabari duk ɗaya ne a wurinsa.

Ni na fara gane idonsa ya tafi. Wata safiya an yi ruwa, na rataye rigar ruwata a kan sandar lema na zagaya baya ɗebo gawayi. Ina dawowa na tarar da Masta tsaye gaban rigar, hannu a baya, yana ba ta labarin ambaliyar da ta taɓa cinye layin dogo a tasharsa. Na tsaya na saurara har ya kai ƙarshe, ya tambaye ta ko tana jin sa.

Na ce daga bayansa, “Tana ji, Masta. Kunya ce da ita.”

Ya juyo wajen muryata. Sannan ya kira sunana ya ce, “Cik Sah, zo ciki.”

Ciwon suga ne ya ci idon, likita ya ce babu aikin da za a yi. Haske da inuwa kawai yake gani. Cikin shagon bai dame shi ba, ya san kowane taku, kuma kowane jirgi da kukansa yake gane shi. Ashe wata biyar ke nan Loke ne ke yi masa gyaran jiragen a ɓoye. Matsalar mutane ce: bai san wa ya shigo ba, wa ya fita, me aka ajiye a hanya. Ga Komala za ta zo bikin Deepavali, sallarsu ta fitilu, kwana shida za ta yi.

Na ce, “To ka faɗa mata mana.”

“In faɗa mata ta kai ni Johor in zauna gaban talabijin da ba na gani? Kina da cokali?”

“Mai shayi kake tambaya ko tana da cokali?”

Nan ya koya mini yadda tasha ke magana da tasha. Kafin jirgi ya motsa, shugaban wannan tasha zai buga ƙararrawa, na waccan ya ji a ofishinsa, kuma kowane adadi da ma'anarsa. Mu cokali da tambulan za mu yi. Daga teburina ina ganin ƙofa da rabin shagon, shi kuma kunnensa ya fi na ɓera. Bugu ɗaya, saurara. Biyu, an shigo. Biyu a tsaya a ƙara ɗaya, an fita. Uku da ɗaya, fasinja na kullum, wato baƙon da ba mu sani ba. Huɗu, jirgin gaggawa, Komala ke nan. Biyar, jirgin kaya.

Na ce, “Wa ke nan?”

Ya nuna bangon shagon Loke da haɓa. Na yi dariya har na zauna a kan buhun sukari. Muka yanke ba za mu faɗa wa Loke fassarar ba, muka ce masa biyar lambar girmamawa ce.

“Shida kuwa,” in ji Masta, ya daina murmushi, “haɗari a kan layi. Wanda ya ji shida tsayawa yake yi inda yake, ko ƙafarsa tana sama.”

Sati biyu muka yi muna gwaji, kuma na rantse ban yi nishaɗi irin na satin nan biyu ba tun ina budurwa. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ni mai shayi ce. Shekara da shekaru in na gama juya shayi sai na ƙwanƙwasa cokali sau biyu a bakin tambulan, hannuna ke yi ba ni ba. Ranar farko Masta ya miƙe ya yi wa ƙofa maraba sau goma sha ɗaya babu kowa. Na koyi juya shayi shiru kamar mai sata. Sai kuma masu saye: wani direban tasi ya zauna yana ba da labarin siyasa yana dukan tambulan da cokali, ya kai shida cif. Na leƙa na ga Masta a tsakiyar shago ƙafa ɗaya a sama, tsintsiya a hannu, ya ƙame. Daga ranar na kwashe cokula duka na zuba a aljihun rigar aikina. Mai son sukarinsa ya narke ya kaɗa tambulan.

Direban ya ce, “Cik Sah, yau kuma cokali ya yi tsada?”

“An hana. Ka sha ka ba ni wuri.”

Komala ta iso ranar Talata da akwatuna biyu da gwangwanin murukku, irin cincin ɗinsu. Tana sa ƙafa a baranda na buga huɗu, na tsaya, na buga biyu. Masta ya fito daga bayan tebur hannu a buɗe, ya nufe ta tiryan-tiryan.

“Komala. Kin rame.”

Ba ta rame ba, ta ƙara ne sosai, amma wace mace ce za ta yi gardama da wannan? Ta rungume shi, ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Mak Cik take ce mini, wato inna.

“Mak Cik, kina lafiya? Hannunki rawa yake yi?”

“Tsufa ne, ƴata.”

Kwana huɗu muka yi muna cin nasara. In ta fita kasuwa na buga biyu da ɗaya, Masta ya zube a kujera ya huta. In ta dawo na buga huɗu tun tana bakin layi, ya ɗauki jarida ya buɗe. Sau ɗaya ya riƙe ta a juye, Loke ya shigo da gudu ya fizge yana cewa tasa ce, ai tun safe yake nema. Ranar bikin ta sa sabon sari, na aika Loke ya raɗa masa launin. Loke ya je ya ce ja. Kore ne. Ashe mutumin nan da ke gyara agogon mata mai ƙanƙanta kamar wake bai taɓa bambance ja da kore ba, kuma shekara sittin bai faɗa wa kowa ba.

Masta ya ce, “Jan nan ya karɓe ki.”

Na ji kamar in shige tukunyar shayi. Komala ta dubi sarinta, ta dubi ubanta, ta ce, “Na gode, Appa. Fitilar shagon nan tana sauya launi.” Ta wuce sama.

Mu uku muka haɗu bayan dutsen tebur muna dariya marar sauti, Masta yana share hawaye da tuta, Loke yana rantsuwa shi ja ya gani. Mun ɗauka mun fi kowa wayo a garin Ipoh. Tsofaffi uku, in an haɗa shekarunmu sun haura ɗari biyu.

Rana ta biyar, ƙarfe huɗu da ƴan mintuna, gas ɗina ya ƙare ana tsakiyar suya. Na sauke kaskon mai, yana tafasa, na ajiye a ƙasa gefen ƙofa don in sauya tukunyar gas. Ban taɓa ajiye shi a nan ba, ranar ce kawai, don teburin ya cika da ayaba. Na durƙusa na ba ƙofa baya ina kokawa da bakin tukunyar, hannuwana biyu a ciki. Na manta da agogo sam. Sai da na ji takun takalmin Masta na aiki na waiga, na gan shi ya fito da farar riga da tuta, yana tafe kai tsaye kan kaskon, kansa a sama yadda ya saba. Cokula goma sha biyu a aljihuna, babu ko ɗaya a hannuna. Bakina ma ya ƙi buɗewa.

Daga cikin shago aka buga shida. Ƙarfe a kan gilashi, a tsanake, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa.

Masta ya ƙame. Tsakanin takalminsa da kaskon bai kai taku ɗaya ba. Na rarrafa na janye shi, man ya fallatsar mini a hannu, ban ma ji ba sai daga baya.

Bai sauke ƙafar ba ya ce, “Wannan ba hannun Cik Sah ba ne. Cik Sah gaggawa take yi a na biyar.”

Komala tana tsaye jikin akwatin koren jirgin, zoben aurenta a kan gilashi.

“Sauke ƙafarka, Appa, an share layi.” Ta fito baranda. “A ɗakin da ke jikin ofishinka aka haife ni. Kafin in iya karanta sunana na iya wannan. Wa ake aikawa ta tashe ka in an buga ɗaya kana barcin rana?”

Masta ya sauke ƙafar. Mu da muka yi sati biyu muna shiri, ko sau ɗaya ba mu tuna ƴar wa za mu yaudara ba.

“Tun yaushe?” in ji Masta.

“Tun ina sauke akwati. Huɗu, jirgin gaggawa. Na gode da ba ku sa ni a biyar ba, jirgin kaya, kamar Kawu Loke.”

Loke da ya fito jin abin da ke faruwa ya ce, “Jirgin me?”

Ban so in yi dariya ba, wallahi, hannuna yana ƙuna, amma ta ƙwace mini. Komala ma ta fashe, Masta ya dafa bango yana shessheƙa, Loke yana zagaya mu yana cewa shi an ce masa lambar girmamawa ce. Ranar jirgin huɗu da minti goma bai tashi ba sai biyar saura kwata.

Da dariyar ta lafa Masta ya tambaye ta me ya sa ta yi shiru kwana biyar.

“Tun rasuwar Mama ban ji ka yi dariya irin ta satin nan ba. Ina sama ina jin ku. Har na fara cewa a raina in bar ka, tunda kana da ma'aikata.” Ta dubi inda kaskon ya zauna, man ya bar da'ira a siminti. Nan muka gane za ta tafi da shi.

Ni ce na ɓata komai, kuma na san haka, shi ya sa na hau ta da faɗa. Na ce kuskure ɗaya ne, ba zan sake ba. Na ce zan ɗaura cokali a wuya kamar laya. Na ce ita da ke zuwa sau biyu a shekara ba ta isa ta zo ta koya mana kula da shi ba. Ta tsaya ta saurara, ta kamo hannuna ta tsoma a bokitin ruwa. Wannan ya fi ba ni haushi.

Masta ne ya tsayar da ni.

“Cik Sah, ya isa. Da a zamanin aiki ne aka kawo mini rahoton shugaban tasha da ba ya gani, yana fitowa da tuta, da hannuna zan rubuta a sauke shi. Na sani tuntuni. Daɗi ne kawai ya yi mini yawa.”

Wata guda ya ɗauka yana raba jiragen. Bai bar dillali ya taka shagon ba. Tsofaffin masu tsayuwa bakin tebur ya kira ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sake amsa tambayar kyanwa. Alƙali ya tafi da baƙin mai hayaƙi a rungume. Loke ya samu ƴan Japan guda tara, don shi kaɗai ke da haƙurin gyaran cikinsu. Teburin sai da aka yanka shi gida huɗu kafin ya fita, wani malami daga Taiping ya kwashe a motar kifi. Koren ya shiga akwatin Masta, cikin rigunansa. Ni ya ba ni tarago ɗaya mai jan rufi, yana nan a kabad tare da kofunan baƙi, jikokina sun san hannun da ya taɓa shi zai sha duka.

Ranar Asabar ɗin da Komala ta dawo ɗaukarsa, da hantsi, shagon ya zama fili, murya har amsawa take yi. An gama loda mota. Masta ya ce in ba shi shayi da cokali. Ya shanye a tsaye, sannan ya shiga tsakiyar shagon da tambulan ɗin, ya buga ɗaya. Na ɗauki nawa na amsa da ɗaya. Sai ya buga wani dogon abu da bai taɓa koya mini ba: bakwai, ya tsaya, biyar, ya tsaya, biyar.

Na dubi Komala.

Ta ce a hankali, “Rufe ofis ke nan, Mak Cik. Yana sanar da tashar da ke kusa zai rufe. Amma ba ya rufewa sai kin maimaita masa daidai.”

“In ban maimaita ba fa?”

“Zai tsaya.”

Na ajiye cokalin a kan tebur. Na juya ayabar da ba ta buƙatar juyi. Na sallami mutum biyu, na goge teburin, na sake gogewa. Direban motar ya danna hon, Komala ta ɗaga masa hannu ya bari. Loke ya fito ƙofarsa ya tsaya da gilashin aiki a goshi. Duk wannan lokaci Masta yana tsaye a tsakiyar shago da farar riga, fuskarsa wajen ƙofa, tambulan a hannu, bai ce Cik Sah yi haƙuri ba. Na san mutumin nan, zai kai magariba a haka. Ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, kuma ban taɓa sanin ina ƙaunar tsohon nan haka ba sai a wannan tsayuwa.

Na ɗauki cokalin. Bakwai, biyar, biyar. Na ƙirga kowanne a bakina, ban yi gaggawa ko a ɗaya ba.

Ya gyaɗa kai, ya cire hular ya sa a hammata, ya miƙo tambulan ɗin wajen da yake zaton nake. Ya kauce da kusan kamu guda, sai na matsa na karɓa.